Babi na Shida: A Auna Kaya Tun Daga Gida

Birnin Lalle gari ne da ya san tafiya tun kafin a san mota. Nan ne ɗaya daga cikin wuraren da sarakunan Gobir suka zauna bayan sun gangaro daga Azbin, kafin daga baya su nausa gaba su gina Alƙalawa, wadda ta faɗa hannun masu jihadi a 1808. Ƙasar Dakwaro baki ɗayanta mahaɗa ce. Daga nan gonakin gero suke fara sakar wa makiyaya fili, manomi da Bafillace da Buzu kuma kasuwa ɗaya suke ci. Mutanen irin wannan wuri ba a koya musu ɗaurin kaya. Sun gaji sanin yadda ake labta wa jaki da raƙumi, sun kuma san cewa madugu ba ya tayar da ayari sai ya zaga ya ga kowane kaya ya zauna daidai a bayan dabba.

Abin da ya sauya shi ne wanda ke yanke hukunci. A da, wuyan mai kaya da bayan dabbarsa su ne ke faɗin ko kaya ya yi yawa. Alhazan da suka bi ta ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya, shekaru suke yi a hanya, in nauyi ya dame su sai su sayar da wani abu a zango na gaba. Yau maniyyaci daga Birnin Lalle zai gangara kudu ya kama babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi, ya ratsa Madawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, tafiyar da ta haura kilomita 700, har filin jirgin sama na Diori Hamani a Yamai. A can za a ɗora jakarsa kan sikeli, lamba ta fito, kuma abin da lambar ta ce shi za a yi. Wanda bai san wannan lamba ba sai a gaban ma'aikacin jirgi, ya makara. Wanda ya san ta tun yana tsakar gidansa, zaɓi na hannunsa. Wannan babi kan ɗan abin da ke ba mutum wannan sani yake, wato sikelin hannu da ake rataya wa jaka.

Idonmu ya saba da tiya

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Gaskiya ne a kasuwa, domin awon kasuwarmu awon cika ne. Da tiya ake sayar da gero da wake, da dami ake lissafin amfanin gona, da buhu ake cinikin hatsi, da kwalba ake auna mai. Tun muna yara idonmu ya koyi gane yawan abu ta wurin da ya cika. Tiyar gero tana kai wajen kilo biyu da rabi, amma mai saye ba kilo yake tambaya ba, yana duban ko an cika ta ne har ta yi tozo.

Jirgin sama kuwa nauyi yake tambaya, kuma a nan ne ido ke ruɗin mai shi. Jaka ta cika fam da barguna da darduma, ka ɗauka ta fi ƙarfinka, a ɗora ta kan sikeli ta tsaya a kilo 15. Wata kuma ko rabi ba ta kai ba, amma dabino ne da littattafai da kwalaben turare a ciki, sai ka ga ta haura 30. Hannu ma ba shaida ba ne. Wanda ya saba ɗaga buhu zai ɗaga kilo 28 ya ce ba komai, tsohuwa ta ɗaga kilo 18 ta ce ya yi yawa. Bambancin kilo 23 da kilo 26 ba abu ne da hannu ke rarrabewa ba, amma a gaban teburin awo waɗannan kilo uku su ne za su sa a ce ka biya ko ka buɗe ka rage.

Kowa ya taɓa tsayawa a filin jirgi lokacin dawowar alhazai ko 'yan kasuwa ya ga abin da ke biyo baya. Dattijo ya durƙusa a tsakiyar jama'a yana kwance igiya, kayan da ya ɓoye don iyalinsa duk a baje a ƙasa, layi na jiransa, shi kuma yana zaɓen abin da zai bari cikin gaggawa. A irin wannan hali ba a zaɓe da hankali. Abin da hannu ya fara kaiwa shi ake fitarwa, sau da yawa kuma shi ne mafi daraja.

Me ya sa aka sa iyaka?

Da yawa daga cikinmu na ɗaukar iyakar nauyi a matsayin dabarar cin kuɗi kawai. Babu shakka kamfanonin jirage na samun riba daga kuɗin ƙarin kaya. Amma tushen dokar ya wuce haka, kuma ya kamata matafiyi ya san shi don ya daina jin kamar zalunci ake yi masa.

Kowane jirgi yana da iyakar nauyin da zai iya tashi da shi, kuma a cikin wannan lissafi ake haɗa jirgin kansa da mai da mutane da kaya. Kafin a tashi sai an ba matuƙi takardar da ta nuna jimlar nauyin da kuma yadda aka raba shi gaba da baya. Da wannan yake sanin gudun da zai kai kafin ya ɗaga. Zafi ma na shiga lissafin, domin iska mai zafi ba ta da kauri, fukafukai ba sa samun abin dogara sosai a cikinta, injin kuma ƙarfinsa na raguwa. Jirgin da zai tashi daga Yamai ko Jidda da tsakar rana a watan bazara ya fi bukatar a kula da nauyinsa. A nan jirgi da raƙumi halinsu ɗaya ne: ba yawan kaya kaɗai ke kayar da su ba, har da rinjayen gefe guda.

Yammacin Afirka ta ga sakamakon sakaci da wannan da idonta. Ranar 25 ga Disamba, 2003, wani jirgi ƙirar Boeing 727 na wani kamfanin ƙasar Gini ya yi yunƙurin tashi daga Kwatano zuwa Bairut. Ya kasa ɗagawa da kyau, ya bugi wani gini a ƙarshen titin tashi, ya faɗa bakin teku. Kusan mutum 140 suka rasu. Masu bincike daga Faransa sun gano cewa an yi wa jirgin lodin da ya wuce ƙima, kuma matuƙan ba su da cikakken bayanin nauyin da suka ɗauka da yadda aka jera shi.

Mutum ɗaya zai ce ai kilo biyar ne kawai ya ƙaru. To, a jirgi mai ɗauke da alhazai 300, in kowa ya ƙara kilo biyar, an samu kilo 1,500, wato tan ɗaya da rabi da ba ya cikin lissafi. Don haka wanda ya matsa wa ma'aikaci ya kau da kai, ko ya miƙa masa wani abu don ya yi shiru, da ransa da na abokan tafiyarsa yake wasa. Addininmu bai ɗauki sha'anin awo da sauƙi ba, sura guda aka saukar a kan masu tauye ma'auni, wato Suratul Muɗaffifina. Gaskiya a awo ba ta tsaya ga mai sayar da hatsi ba, ta haɗa da mai shiga jirgi.

Lambobin da za a riƙe

A yawancin tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa, mai tikitin talakawa ana ba shi jaka ɗaya ko biyu, kowace kada ta wuce kilo 23. Wannan lamba ta samo asali ne daga awon Amurka da Ingila, inda fam 50 na nauyi ya yi daidai da kusan kilo 23. Lamba ta biyu ita ce 32. Yawancin kamfanoni ba sa karɓar jaka guda da ta haura kilo 32 ko da mai ita ya yarda zai biya, domin mutane ne ke ɗaga ta da hannu, kuma an sa iyakar ne don kare bayansu. Jakar hannu kuwa galibi kilo 7 ne ko 8.

Akwai tsari iri biyu, kuma rashin bambance su ya sa mutane da yawa asara. Wasu kamfanoni jimla suke bayarwa, a ce kilo 30 ko 40, ka raba yadda ka so. Wasu kuma jaka-jaka suke lissafi. In aka ce jaka biyu masu kilo 23, wanda ya zo da ɗaya mai 28 da ɗaya mai 16 zai iya biyan tara, alhali jimlarsa 44 ce, ba ta ma kai 46 ba. Da ya sani tun a gida, kilo biyar kawai zai kwashe daga wannan ya zuba a waccan. Ƙananan jiragen da ke zirga-zirga a cikin ƙasa kuma sukan ba da ƙasa da haka, saboda haka mai haɗa jirgi biyu ya yi shiri da mafi ƙarancin iyaka.

Jigilar alhazai tana da nata sharuɗɗa. A Nijar hukumar COHO ce ke kula da shirin Hajji da Umara tare da kamfanonin da ke yi wa maniyyata rajista, kuma kujerun da Saudiyya ke ba ƙasar a 'yan shekarun nan sun kusa 16,000. A shekarun baya, maƙwabtanmu na Nijeriya sun daɗe suna amfani da kilo 32 na babbar jaka da kilo 8 na ta hannu. Amma waɗannan lambobi na iya sauyawa daga shekara zuwa shekara, gwargwadon yarjejeniyar da aka yi da kamfanin jirgi. Kada maniyyaci ya dogara da abin da alhajin bara ya gaya masa. Ya tambayi jagoransa a wurin bita, ya sa a rubuta masa: jaka nawa, kilo nawa kowace, ta hannu nawa.

Ɗan sikelin da yadda yake aiki

Iri biyu ake samu a kasuwa. Na farko shi ne mai waya murɗaɗɗiya a ciki da allura mai nuna lamba, irin wanda mahauta da masu sayen fata suka sani. Hikimarsa tsohuwa ce. Wani masani ɗan Ingila, Robert Hooke, ya bayyana a 1678 cewa irin wannan waya tana miƙewa ne daidai gwargwadon nauyin da ya ja ta, kuma wajen 1770 Richard Salter ya fara ƙera sikeli a kan wannan ƙa'ida. Ba ya bukatar batir, yana jure ƙura da zafi, amma in ya tsufa ko aka taɓa rataya masa abin da ya fi ƙarfinsa, wayar na saki ya fara ƙarya.

Na biyu shi ne mai batir da ɗan gilashi mai nuna lamba. A cikinsa akwai ɗan ƙarfe da ke lanƙwasa kaɗan, yadda ido ba zai gani ba, in an rataya masa nauyi. An manna wa ƙarfen wasu siraran wayoyi da wutar batir ke bi, lanƙwasawar na sauya yadda wutar ke wucewa, na'urar kuma ta mayar da sauyin lamba. A Amurka aka ƙirƙiro wannan dabara a 1938. Yawancinsu suna ɗaukar har kilo 40 ko 50, suna shiga aljihu, kuma kuɗinsu sau da yawa bai kai tarar da ake biya kan jaka ɗaya da ta yi nauyi ba.

Kowanne ka saya, fara gwada gaskiyarsa, kuma abin gwajin na cikin gidanka. Tun da Faransawa suka tsara awon kilo a ƙarshen ƙarni na 18, a kan ruwa suka gina shi: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Cika jarka mai lita 20, ka rataya. Ya kamata ka ga kilo 20 da ɗan ƙari na nauyin jarkar kanta. In ka ga 18 ko 23, wannan sikeli ba abin dogara ba ne.

Wurin awon kansa, ka tabbata lamba na kan sifiri kafin ka rataya komai. Ka duba harafin da ke gefen lambar, domin masu batir suna da maɓallin da ke sauya awo daga kilo zuwa fam, kuma jaka mai kilo 23 za ta nuna maka 50 da ɗoriya in aka taɓa shi ba da sani ba. Ka ɗaura igiyarsa a hannun jakar na tsakiya, ka ɗaga a hankali har ta bar ƙasa gaba ɗaya, kada ta jingina da ƙafarka ko bango, ka jira ta daina lilo. In jakar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, a zura sanda a hannun sikelin mutum biyu su ɗaga, ko a rataye shi a reshe mai ƙarfi. A auna sau biyu ko uku. Sannan ka bar rarar kilo ɗaya, domin sikelinka da na filin jirgi ba lalle su yi daidai ba, kuma nasu ne abin hukunci. Mai batir kada a bar shi a rana, a kuma tafi da batir na ajiya.

Jakar kanta ma a auna ta babu komai a ciki. Babban akwati mai tayoyi na iya cin kilo huɗu ko biyar kafin a sa masa ko da hula. Jakar yadi mai ƙarfi ta fi sauƙi, kuma duk abin da aka rage daga nauyin mazubi, tsaraba ce ta ƙaru.

Sallahu da tsaraba

Babban nauyin jakar Bahaushe ba nasa ba ne. Da zarar an ji mutum zai tafi, gida ya cika. Gwaggo ta zo da ƙullin yaji da kuka a kai wa ɗanta mai karatu, maƙwabci ya kawo cuku, wani ya miƙo kuɗi: "Kawu, don Allah a taho mini da jallabiya da darduma." Wata ta ce, "Inna, ko ɗan dabinon Madina ne a tuna da mu." Ba wanda ya roƙi abu mai yawa, kuma kara ba ta barin mutum ya ce a'a. Sai an haɗa ƙananan nan wuri ɗaya a ga sun cinye rabin jaka.

A nan ne ɗan sikelin ke yin aikin da ya fi awo. Yana faɗin abin da baki ke jin nauyin faɗa. In ka ce wa gwaggonka ba za ka iya ɗaukar saƙonta ba, za ta iya riƙe ka a zuci. In kuwa ka rataya jakar a gabanta, ta ga 22 da idonta, ka ce, "Gwaggo, kin ga abin da ya rage, kilo ɗaya ne, zaɓi wanda ya fi muhimmanci," to, ba kai ka hana ba, kuma zumunci bai taɓu ba. Dattawan gida su taimaka wa matafiyi da wannan. Masu ba da sallahu kuma su ji tausayinsa, su tuna cewa mai tafiya Hajji ibada ta kai shi.

Tsaraba ma da lissafi ake yin ta. A ce an ba ka kilo 23, jakar ta ci uku, tufafinka da ihrami da takalma sun ci shida. Saura 14. Tun kafin ka shiga kasuwar Makka ko ta Madina ka raba su: dabino kaza, darduma kaza, carbi da hula da turare kaza. Carbi ɗari ba su kai nauyin darduma kaɗan ba, kuma sun fi isa ga jama'a. A bar wa littattafai wuri, domin takarda na da nauyi, kuma akan ba alhazai kyautar Alƙur'ani bugun Madina lokacin tashi. Zamzam kuwa kada a ɓoye shi cikin jaka. Hukumomin Saudiyya sun hana haka, na'urar bincike na ganinsa, kuma za a buɗe jakar a fitar. Lita 5 ake ba kowa a mazubi na musamman, daban da sauran kaya. Goro ma an sha gargaɗin maniyyata kada su tafi da shi. Batirin ajiya na cajin waya a jakar hannu yake tafiya, wuƙa da almakashi da duk ruwan da ya haura mililita 100 kuma a babbar jaka.

Wanda kasuwanci ya kai shi, ko a Saudiyya ko Dubai ko Santambul, ya san tun farko cewa jakar fasinja ba ta ɗaukar haja. Ya auna, ya ware abin da ya ƙaru, ya kai wa kamfanin jigilar kaya tun da sauran kwanaki, inda kuɗin kilo ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Kayan da ba naka ba

Rashin awo na jefa mutum cikin wani haɗarin da ya fi tara. Wanda kayansa suka yi yawa a filin jirgi, abin da ke fara zo masa shi ne neman mai sauran wuri ya riƙa masa. Haka kuma mai sauran wuri, musamman tsoho ko baƙon tafiya, shi ake nufa da roƙo. Kada ka karɓi ƙullin da ba ka ga cikinsa ba, ko daga wa ya fito, domin duk abin da aka samu a jaka mai sunanka, kai ne mai shi a gaban shari'a, kuma hukuncin ƙwaya a Saudiyya na kaiwa ga kisa. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba 'yar arewacin Nijeriya a Saudiyya saboda wata jaka mai ƙwayar tramadol da aka maƙala wa sunanta a filin jirgin Kano ba da saninta ba, kuma sai a watan Afrilun 2019 aka sake ta bayan gaskiya ta fito.

Saboda haka ka san yawan jakunkunanka da nauyin kowace, ka rubuta a takarda. In an gama awo aka ba ka 'yan takardun shaidar kaya, ka ƙirga su. Jaka biyu ka ba da, shaida biyu za ka karɓa. In ka ga uku, ko nauyin da aka rubuta ya yi nisa da wanda ka auna, ka yi magana a nan take, kafin ka bar teburin.

Sikeli ɗaya ya ishi ayari

Ba dole kowane maniyyaci ya sayi nasa ba. Mutanen Birnin Lalle da ƙauyukan da ke kewaye da ita sukan tafi ne a ƙungiya, masauki ɗaya, jagora ɗaya. Sikeli guda ya ishe su, muddin an tafi da shi, domin a dawowa ne aka fi bukatarsa. Jagororin alhazai su sa awon jaka cikin bita, yadda suke koyar da ɗaura ihrami, su bar kowa ya ɗaga jaka mai kilo 23 ya ji ta a hannunsa. Matasan da suka iya karanta lamba su ɗauki nauyin auna wa tsofaffi, daren tashi daga gida da kuma kwana biyu kafin awon kaya a Makka. In ayari ya dawo, a ajiye sikelin wurin liman ko mai gari, ɗalibi mai tafiya karatu da ɗan kasuwa da maniyyatan baɗi su same shi.

Kai kuma mai karatu, in tafiya ta kama ka, tambayi iyakar kayanka a rubuce, ka gwada sikelinka da jarkar ruwa, ka auna jakarka a gaban masu sallahu, ka bar rarar kilo ɗaya. Kada ka bar gida sai ka san nauyin abin da ka ɗauka.